Faranti Biyu da Ciyawar Bakin Titi

Kai ko ke da ka buɗe littafin nan, rufe shi ka mayar ƙarƙashin zannuwa inda ka ɗauko. Ba don kai na rubuta ba. Wanda ya saba leƙen abin da ba nasa ba, wata rana rijiya zai leƙa. In kuwa taurin kai ya ce sai ka karanta, to ka kai ƙarshe, kada ka tsaya a tsakiya ka fita kana yanke mini hukunci. A gidan nan ni ke yanke hukunci.

Asabar, 1 ga wata, ƙarfe shida na safe

Kwana biyu ke nan yarinyar nan ba ta kwana a gidan ubanta ba. Tana gidan Gwaggonta, ƙanwar Babansu, can bayan kasuwa. Ban kore ta ba. Ƙafarta ce ta fitar da ita, ƙafarta za ta dawo da ita.

Zan rubuta yadda aka yi, domin kada gobe a juya maganar. Shekara goma sha tara ina renon iri a bayan gidan nan. Tumatir, tattasai, albasa, kabeji. In zuba iri a fangali, in lulluɓe, a yi ban-ruwa, idan ya kai tsawon yatsa masu lambu su zo su ɗiba su dasa. Ban taɓa jin kunya ba. Bana fangali shida na zuba. Ita kuma ta zo hutu daga makarantar koyon aikin gona, na ba ta aiki ɗaya tak, ban-ruwan safe. A fangali shida, abin da ya tsiro bai cika tafin hannu ba, shi ma rawaya, a kwance kamar mai jinya.

Ranar Alhamis Mai Lambu ya zo duba dashensa. Tsoho ne, ya fi kowa daɗewa yana saye a wurina. Ya tsaya yana kallon ƙasa fayau. Sai Farfesa, haka nake kiranta tun da ta fara gyara mini magana, ta buɗe baki ta ce ciyawar da na lulluɓe fangalin da ita ce ta kashe irin. A gaban baƙo. Na ba ta amsa. Amsar ba ta da tsawo. Ta ajiye butar ban-ruwa, ta shiga ɗaki, ta ɗauko mayafinta.

Ran 23 ga wata za ta koma makaranta. Babansu ya ce in ta wuce daga can ba ta biyo ta gida ba, to abin ya yi nisa, kuma zai yi wuyar dawowa. Na ce ya koma kan katakonsa.

Ban yi kuskure ba.

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na sake zuba fangali biyu. Ni na tona, ni na zuba, ni na lulluɓe, ni zan yi ban-ruwa. In sun fito, an san inda laifi yake.

Ciyawar da ake ta surutu a kanta, ga tarihinta. Da can karan shinkafa nake lulluɓe iri da shi, don kada rana ta busar da ƙasa. Bana mai kawo mini ya bar noman shinkafa. Shekara uku da suka wuce masu gyaran titi suka shuka wata ciyawa a gefen gada don ta riƙe ƙasa. Ta riƙe, ta wuce riƙo, ta cinye gefen titi, ta gangaro har bayan katangarmu. Ba wanda ya san sunanta, 'yan unguwa Baƙuwa suke ce mata. Doguwa ce, mai laushi, kore shar ko da rani. Na ɗauki laujena na yanko baro uku. Biyu na lulluɓe fangali, ɗaya na jiƙa a duro don ruwan taki, kamar yadda na saba yi da ganye. Mace mai tattali ba ta barin abin da Allah ya ajiye mata a bayan katanga ta tafi nema a kasuwa.

Ni na ce wa yarinyar ta riƙa ƙara kofi biyu na ruwan duron a kowace buta. Wannan ba ya cikin maganar. Ciyawa ciyawa ce.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je shagon mai iri da gwangwanin a hannu. Na ce ya sayar mini da mataccen iri. Bai ma tashi daga kujera ba. Ya nuna mini wani kwali a gindin tebur, cike da tumatir 'yan kwana goma, tsaye kamar sojoji.

"Daga kwali ɗaya gwangwaninki da nawa suka fito, Malama. Ko dai a gidanki ne suka yi fushi?"

Na ce masa ɗan kasuwa mai yawan dariya ba a rasa abin da yake ɓoyewa. Na fito. To iri ya fita daga zargi. Saura mai ban-ruwa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gwaggonta ta zo. Tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Tun daga ƙofa ta fara.

"Alƙaliya, an tashi kotu ko in jira a waje?"

"Shigo, amma ki kakkaɓe zaren jikinki, yanzu na share."

Littattafan yarinyar ta zo ɗauka da kayan sawarta. Na haɗa mata komai a jaka, na ninke da kyau, don kada a ce. Ta tambayi takalmin robar da take shiga lambu da shi. Na ce ban gan shi ba.

Ta zauna a bakin gado ta dube ni. "Matar Yaya, me kika ce wa yarinyar nan?"

"Ba ta faɗa miki ba?"

"Ta ƙi. Amma tun da ta zo ba ta taɓa mini komai ba. Na ce ta riƙe mini bakin yadi in yanka, ta ce a'a Gwaggo, kada ya lalace. Tukunyar furen da ke ƙofata ma ta ƙi ba ta ruwa. Sai ta zauna ta sa hannuwa a ƙarƙashin mayafi kamar wadda ta sato su."

Na ce shagwaɓa ce, kuma masu ba ta masauki su ke ƙara mata. Ta ce to Allah ya ba kotu lafiya, ta ɗauki jaka.

Takalmin yana bayan ƙofata. Mai shi ta zo ta ɗauka.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na dafa abincin mutum uku. Sabo ne, ba wani abu ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Babansu ya fara wani buge-buge a rumfarsa tun safe. Na leƙa, akwatuna ne marasa zurfi yake haɗawa da guntayen katako. Na ce na wane ne. Ya ce na wanda ya buƙata. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da kafinta, har yau in ya ga dama sai ya yi magana kamar mai duba.

Da muka zauna cin abinci ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Maman yara, magana zarar bunu ce."

Na ce na san karin magana tun kafin ya san guduma. Uwa ba ta durƙusa wa abin da ta haifa. Idan yau na bi ta, gobe kowane yaro a unguwar nan zai gyara wa uwarsa magana a gaban baƙi.

Ban yi kuskure ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗaga ciyawar fangalina biyu, ba wani abin kirki da ya fito. Kwana shida ne kawai, wani irin yakan yi nawa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ƙirga. Goma sha ɗaya a fangali ɗaya, bakwai a ɗayan, inda ya kamata a ga ɗaruruwa. Na tuge guda na duba. Saiwar guntuwa ce, bakinta ya yi ja-ja kamar an taɓa shi da wuta, babu farin gashin nan da saiwa mai lafiya ke yi. Ni na yi ban-ruwan nan. Ban tsallake ko safiya ɗaya ba.

Ina nan tsugune sai ga Mai Lambu da sandarsa.

"Uwar dashe, kwantar da hankalinki, ba dashe na zo nema ba. Wucewa nake yi."

Ba wanda ke wucewa ta bayan gidanmu, hanyar ba ta ɓullewa. Ya zauna a kan bulo, ya ɗauki ciyawar ya murza ya shinshina.

"Ita ce ta shigo mini ta gefen shinge bara. Na tuge, na ƙone. Amma wurin da ta zauna, har yau albasa ba ta yin kai. Awakina kuwa, da ba sa barin ko takarda, sai su shinshina ta su wuce."

Na ce awakinsa sun ƙoshi ne.

"Mai yiwuwa." Ya miƙe da ƙyar. "Ni dai ranar nan, da ƙasa ta tsage da na shige. Ba don irin ba. Iri ana sake zubawa."

Ban raka shi ba. Tsufa ba lasisin shiga maganar gidan mutane ba ne.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Akwai abin da ban rubuta ba. Mako guda kafin rigimar, yarinyar ta same ni a kicin ta ce, "Mama, wasu ciyayin ba da tsawo kaɗai suke danne maƙwabtansu ba. Akwai sinadari a ganyensu da saiwarsu. Ruwa ya wanko shi ya shiga ƙasa, irin da ke kusa ya kasa tsirowa, wanda ya tsiro kuma saiwarsa ta tsaya. Bari in gwada wannan mu gani." Na ce ciyawa ba maciji ba ce da za ta tofa dafi. Washegari na tarar da farantai biyu a bakin taga da auduga a ciki. Farantan baƙi, masu zanen zinariya a baki. Na zubar na wanke. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

To ni ma na yi makaranta. A aji biyu na sakandare ni na zo ta ɗaya a kimiyya, kuma wakena ne ya fi na kowa tsawo a cikin kwalba. Yau na ɗauko farantan nan biyu da kaina. Na shimfiɗa auduga, na jera ƙwayar tumatir ashirin a kowanne. Na dama ruwan famfo, na hagu ruwan duro. Na ajiye su a tagar ɗakina inda ba mai gani.

Ba don ina shakka na yi ba. So nake ranar da ta dawo in ajiye mata su a gaba, ta ga iyakar ilminta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Babu komai a duka biyun. Kun gani.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na safe

Dama tara. Hagu babu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je kasuwa sayen sabulu. Akwai sabulu a shagon bakin layinmu, amma na kasuwa ya fi kumfa. Hanyar ta bi ta gaban shagon tela. Ban tsaya ba, ban juya ba. Yarinyar ta rame. Wannan matar ba ta iya ciyar da mutum ba, ɗinki kawai ta sani.

Saura kwana goma.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Dama goma sha takwas. Hagu biyar.

Na ari ma'aunin Babansu. Na dama saiwarsu ta kai gaɓar yatsa, fara tas, da gashi kamar ƙurar auduga. Na hagu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kuma bakinsu ja-ja, irin wanda na gani a fangali.

Amma wannan gwaji ba adalci a cikinsa. Na ɗaya, rana ta fi faɗa wa gefen dama na tagar. Na biyu, ruwan duro ya yi makonni yana ruɓa, har wari yake yi, kowane ruɓaɓɓen ruwa zai iya haka. Na uku, ni na san wanne ne wanne, kuma ido yana da son kai. Ba a yanke wa mutum hukunci da shaida ɗaya, balle ciyawa.

Na yanko sabuwar Baƙuwa na jiƙa a bokiti. A wani bokitin na jiƙa ragowar karan shinkafar bara da na samu a saman rumfa. Gobe in tace. Duka biyu za su yi launi ɗaya.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Dole ta sa na kira Babansu. Na ce ya shiga shi kaɗai ya zuba ruwan, ya yi alama a ƙarƙashin farantan da fensirinsa, kada ya gaya mini. Kullum shi zai ƙara ruwa, ya kuma sauya musu wuri a tagar don rana ta raba daidai.

Ya tsaya yana kallona da murmushin nan nasa da ba na so.

"Wato ni zan san abin da ba ki sani ba?"

"Na kwana shida kawai."

"Shekara talatin da ɗaya ina jiran wannan muƙamin. Bari in sa hula."

Na ce in ya gama wasan yara ya wanke hannu, kada ya sa mini garin katako a auduga.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Babansu ya je gidan ƙanwarsa ya dawo. Ban tambaye shi komai ba. Shi ma bai ce komai ba, don mugunta.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gefen gada. Na tsuguna, ni da girmana, masu wucewa suna kallo, na buɗa ciyawar da hannu na duba gindinta. Ƙasa ce tsirara. Ko ɗan haki na wata ciyawa babu. Da can wurin nan tafasa ce da rai-ɗore da zaƙi-banza, har muna ƙorafin sun yi yawa. Yanzu ita kaɗai ce, daga gada har inda ido ya tsaya. A bakin iyakarta ma akwai wajen taku guda da ba abin da ya tsiro, kamar sauran tsirrai sun ja da baya sun ba ta wuri.

An ce baƙo raɓa ne. Wannan da tabarmarta ta zo. Na bi ta har bayan katangarmu, na ga ta riga ta kutso ta ƙarƙashi.

Akwai darasi a nan ga mai hankali. Ga ta kore shar, tsaye ƙyam, ba ta da datti, ba mai cewa ta yi laifi. Aikin da aka kawo ta ta yi, ta yi shi, ƙasa ba ta zaizaye ba. Amma ba abin da ke iya girma kusa da ita. Akwai mutane haka. Za ka ga gidansu tsaf, maganarsu ɗaya, sai dai duk wanda ya taso a gindinsu ya yi ta ja da baya. Yayyen yarinyar su biyu ma yanzu sai a waya.

Ban san abin da ya kawo wannan cikin maganar ciyawa ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na safe

Faranti ɗaya ya cika. Ɗayan shiru. Ban san wanne ne wanne ba. Na sani.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mako uku cif. Na goge takalmin robar, ƙura ta hau shi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Goma sha tara da huɗu. Babansu ya ɗaga mai huɗun sama, muka leƙa ƙarƙashi tare. Ya rubuta Baƙuwa da manyan baƙaƙe, har da ja mata layi.

Da ya ce wani abu da na ji sauƙi, don da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Ɗan hakin da ka raina. Ba sai na ƙarasa ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na sa farantan a cikin babban kwano, na rufe da ƙyalle mai tsabta, na tafi a ƙafa don kada mota ta girgiza su. Tun daga gida har bayan kasuwa ina riƙe da kwano da hannu biyu. Mata biyu suka tambaye ni wa ba shi da lafiya.

Tela tana kan keken ɗinki. Ta ɗago ta cire tabarau.

"Yau kotu ce ta zo da ƙafarta? Me aka dafo mana?" Ta ɗaga ƙyallen. "Auduga? Matar Yaya, abin ya kai haka?"

"Kira mini ita."

Ta fito daga ciki. Ta gaishe ni yadda ya kamata, idonta a ƙasa, hannuwa cikin mayafi. Na ajiye farantan a kan teburin yanka. Ta dube su. Ta gane farantan kafin ta gane abin da ke ciki, na ga haka a fuskarta. Ta sunkuya tana ƙirgawa da ido.

"Sau nawa kika yi, Mama?"

"Biyu."

"Ɗayan ruwan mene ne?"

"Jiƙon karan shinkafa. Babanki ne ya zuba, ban san wanne ne wanne ba sai yau."

Gefen bakinta ya motsa, ta danne. "Ko a makaranta ba kowa ke tuna yin haka ba."

"Ni na zo ta ɗaya a kimiyya tun ba a san za a haife ki ba."

Keken ɗinki ya tsaya. Na ce, "Ciyawar ce."

Ta ci gaba da kallon farantan.

"Na ce ciyawar ce. Ba wani abu ba ne."

"Ƙarasa mana, Alƙaliya," in ji tela. "Hukuncin bai cika ba."

"Ɗinkin mutane na jiranki."

Na gyara mayafina. Na ce gobe ƙarfe shida zan zuba sabon iri, kuma akwai wani takalmi a bayan ƙofata da ke tare mini hanya. Na bar musu farantan na fito. Ba ta biyo ni ba. Ban waiwaya ba, amma da an biyo ni da na ji.

A hanya na yi ta maimaita abin da ya kamata in ƙara. A hanya yana da sauƙi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Ba ta zo ba. Ba komai. Hannuna biyu ne, kuma suna aiki.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Bakwai da kwata ta shigo, tela na biye da ita ɗauke da jaka, tana cewa ita dai 'yar dako ce, a sallame ta. Yarinyar ta gaida ubanta, ta gaishe ni, ta wuce bayan ƙofata ta ɗauko takalmin ba tare da ta tambayi inda yake ba.

Ta duba fangalin ta ce kada a sake zuba iri a cikinsu yanzu, a kwashe ciyawar da saman ƙasar, a zubar da ruwan duro nesa, a bar wurin ya sha ruwan sama tukuna. Na ce to a ina za a zuba. Sai ga Babansu yana fito da akwatunan nan nasa, guda takwas, ya huda gindinsu, ya ma cika su da ƙasar da ya ɗebo daga lambun tsohon. Ashe da Mai Lambu aka haɗa baki. Zan yi maganin su biyun daga baya.

Na buɗe gwangwanin iri na miƙa mata. Ta ja da baya.

"Ki zuba, Mama. Ni zan riƙe buta."

"Ke za ki zuba."

"Kada ya..."

"Da hannunki."

Ta tsaya. Hannun yana cikin mayafi. Na ajiye gwangwanin, na kamo hannun na fito da shi, na juye irin a tafinsa. Tun tana aji ɗaya rabon da in riƙe hannun nan. Ya fi nawa tsawo yanzu.

Na ce, "Maganar da na faɗa a kan hannun nan ranar Alhamis ɗin can ƙarya ce. Ni na faɗe ta, ni na janye ta. A gaban baƙo na faɗa, don haka tela ta zama shaida, kuma zan maimaita wa Mai Lambu."

Tela ta buɗe baki, Babansu ya taka mata ƙafa.

Yarinyar ta share ido da gefen mayafi, ta tsuguna, ta ja layi da ɗan tsinke, ta fara zubawa. Akwati takwas, ita ta zuba duka. Ni na riƙe buta. Ta ce ruwan ya yi yawa a na uku. Na buɗe baki, na rufe. Ya yi yawa ɗin.

Kada wanda ya karanta wannan ya ce na ba ta haƙuri. Gyara na yi. Mai gyara kuskurensa ya fi mai roƙo a yafe masa ya bar kuskuren a wurin.

Na dafa abincin mutum huɗu. Tela ta ci na mutum biyu.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Daga gidan ubanta ta tafi makaranta, ta ƙofar gaba, da jakarta da takalminta. Ta ɗauki damin Baƙuwa a leda, ta ce za ta kai wa malaminsu su bincika ko wane sinadari ne. Ta ce in riƙa ƙirga abin da ya tsiro kowace safiya ina gaya mata a waya. Na ce ni ba 'yar aikinta ba ce. Na riga na ja layi a bayan littafin nan, akwati takwas, kwana goma sha huɗu.

Gobe da ni da Mai Lambu za mu fara tonon wadda ta kutso ta ƙarƙashin katanga, har saiwa. Ita ma ba a tambaye ta ba aka kawo ta, amma ba a gidana za ta zauna ba.

Farantan baƙi sun dawo. Ba za su koma cikin kabad ba, a bakin taga za su zauna. Na sa Babansu ya goge wani katako ya kafa a ƙofar baya, na ba shi abin da zai rubuta. Da ya karanta ya ce, "Har da mai kafa dokar?" Na ce ya rubuta abin da aka ba shi, layin ƙarshe ya amsa masa.

Ga dokar, kuma ba a ɗaga ta:

Ba ciyawar da za ta taɓa iri a gidan nan sai ta bi ta faranti biyu. In abu ya lalace, ba a kama sunan kowa sai an jera faranti biyu an jira mako guda. Ba a aibata hannun da ya yi aiki, ko a gaban baƙo ko a bayansa. Wanda ya karya, shi zai ɗauki kwano a ƙafa har inda wanda ya ɓata wa yake, ko da kuwa ita ce ta haife shi.